Lasisin LGPL

Lasisin LGPL, wanda cikakken sunansa shi ne GNU Lesser General Public License, lasisi ne na manhaja mai 'yanci da gidauniyar Free Software Foundation ta ƙasar Amurka ta wallafa. An tsara shi ne musamman domin laburaren manhaja, wato tarin umarnin kwamfuta da aka riga aka rubuta domin wasu manhajoji su riƙa kiransa yana yi musu aiki. Lasisin ya bai wa kowa izinin amfani da laburare, da kwafarsa, da gyara shi, da rarraba shi, har ma da haɗa shi da rufaffiyar manhaja ta kasuwanci. Sharaɗinsa shi ne laburaren kansa ya ci gaba da zama a buɗe ga duk wanda ya shiga hannunsa. An fitar da sigarsa ta farko a watan Yunin 1991, sigar baya-bayan nan kuma, wato ta 3, ta fito a ranar 29 ga Yunin 2007.

Laburare da haƙƙin mallaka

Da wuya a sami mai rubuta manhaja da ke gina komai daga tushe. Idan manhajarsa za ta buɗe hoto, ko ta kunna bidiyo, ko ta matse fayil, ko ta zana maɓalli a fuskar waya, yakan ɗauko laburaren da wasu suka rubuta domin wannan aikin ya jona shi da tasa. Manhaja guda tana iya dogara da laburarori masu yawa, kowanne kuma da marubutansa da sharuɗɗansa.

A doka, manhaja tana cikin ayyukan da haƙƙin mallaka ke karewa. Yarjejeniyar TRIPS ta shekarar 1994 ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya su kare manhajar kwamfuta kamar yadda suke kare rubutattun ayyuka, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kan wannan tsari. Haƙƙin yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba. Saboda haka laburaren da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba bai zama na kowa da kowa ba, mai shi ne kaɗai ke da ikon kwafa da gyara da rarrabawa. Lasisi shi ne takardar da mai haƙƙi ke bayar da wannan izini da ita, tare da bayyana iyakarsa.

Kalmar 'yanci a nan ba ta nufin kyauta. Ana iya sayar da manhaja mai 'yanci da kuɗi. Abin da gidauniyar FSF take nufi abubuwa huɗu ne: ikon gudanar da manhaja domin kowace irin buƙata, ikon nazarinta da gyara ta, ikon rarraba kwafinta, da ikon rarraba kwafin da aka gyara. Nazari da gyara ba sa yiwuwa sai da lambar tushe, wato rubutun manhaja a harshen da mutum ke iya karantawa kafin a juya shi zuwa harshen na'ura.

Tarihi

Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a watan Satumban 1983, da nufin gina cikakken tsarin gudanar da kwamfuta mai kama da Unix wanda duk sassansa za su kasance masu 'yanci. A watan Oktoban 1985 ya kafa gidauniyar FSF, wadda ta yi mazauni a yankin birnin Boston na jihar Massachusetts. A watan Fabrairun 1989 gidauniyar ta fitar da sigar farko ta lasisin GPL, wanda ya ginu a kan ƙa'idar da masu harkar ke kira kofilef, wato sharaɗin gadon 'yanci: duk wanda ya rarraba manhajar da aka gina a kan aikin da ke ƙarƙashin GPL, dole ne ya saki manhajar gaba ɗayanta a ƙarƙashin GPL tare da lambar tushenta.

Wannan sharaɗi ya zo da matsala a kan laburare. A fahimtar gidauniyar, manhajar da aka haɗa da laburare ta zama aiki ɗaya da shi, don haka sharuɗɗan GPL za su hau kanta baki ɗaya. Kusan kowace manhaja da aka rubuta da harshen C tana buƙatar laburaren C. Da an saka laburaren C na GNU a ƙarƙashin GPL, da kamfanonin da ba sa son buɗe manhajarsu sun koma ga sauran laburarorin C da ke kasuwa a lokacin, na GNU kuma ya rasa masu amfani da shi ba tare da an ƙaru da komai ba.

Maganin da aka samo shi ne sabon lasisi mai sassauci. An fitar da shi a watan Yunin 1991 da sunan GNU Library General Public License, aka kuma ba shi lamba 2 domin ya yi daidai da sigar GPL ta 2 da ta fito a wannan watan, ko da yake shi ne fitowarsa ta farko. A watan Fabrairun 1999 aka fitar da siga ta 2.1, aka sauya kalmar da ke nufin laburare a cikin sunan da wadda ke nufin mai rangwame, harufan LGPL kuma suka tsaya yadda suke. Dalilin sauyin shi ne tsohon sunan yana sa mutane su zaci kowane laburare ya dace da wannan lasisi, alhali ba haka gidauniyar take so ba. Siga ta 3 ta fito rana ɗaya da GPL ta 3 a shekarar 2007, kuma an rubuta ta ne a matsayin gajeren jerin ƙarin izini a kan GPL ta 3, shi ya sa ake rarraba takardun biyu tare.

Hanyoyin haɗa laburare da manhaja

Fahimtar sharuɗɗan LGPL ta rataya ne a kan sanin yadda ake haɗa laburare da manhaja. Hanyoyin guda biyu ne.

Ta farko ita ce haɗin dindindin. A nan ana kwafar sassan laburaren a zuba su cikin fayil ɗin manhajar tun lokacin gina ta, su zama dunƙule ɗaya. Wanda ya karɓi manhajar ba zai iya cire laburaren ya sa wani ba, sai an sake ginin.

Ta biyu ita ce haɗin lokacin aiki. A nan laburaren yana zaune a fayil nasa daban, manhajar kuma tana nemo shi ne a lokacin da aka kunna ta. Irin waɗannan fayiloli suna ƙarewa da .dll a Windows, da .so a Linux, da .dylib a macOS. Tunda fayil ɗin a ware yake, mai amfani yana iya maye gurbinsa da sabo ko da wanda aka gyara, manhajar ta ci gaba da aiki muddin hanyar kiran laburaren ba ta sauya ba.

LGPL ya yarda da hanyoyin biyu, sai dai ta biyu ta fi sauƙin cika sharuɗɗansa.

Sharuɗɗan lasisin

LGPL ya raba ayyuka gida biyu. Akwai aikin da aka gina a kan laburare, wato gyara ko ƙari a cikin laburaren kansa. Akwai kuma aikin da ke amfani da laburare, wato manhaja ta daban da ke kiransa kawai. Na farko dole ne ya zauna a ƙarƙashin LGPL ko GPL. Na biyu kuwa mai shi yana iya sa masa sharuɗɗan da ya ga dama, har da rufe lambar tushensa.

Wanda zai rarraba manhajar da ke ɗauke da laburaren LGPL yana da wajibai kamar haka. Zai sanar a fili cewa an yi amfani da laburaren kuma yana ƙarƙashin LGPL. Zai haɗa da kwafin takardar lasisin. Zai samar da lambar tushen laburaren, tare da duk gyaran da ya yi masa. A siga ta 2.1, idan bai haɗa lambar tushen da manhajar ba, yana iya bayar da rubutaccen alƙawarin samar da ita wanda zai yi aiki na aƙalla shekara uku, a kan kuɗin da bai wuce na kwafa da aikawa ba. Zai bar wa mai amfani hanyar sauya laburaren da wanda aka gyara: ko dai ta haɗin lokacin aiki, ko kuma, idan haɗin dindindin ya yi, ta hanyar bayar da fayilolin manhajarsa da aka juya zuwa harshen na'ura amma ba a ɗaure su da laburaren ba, domin mai amfani ya sake ɗaurin da kansa. Haka kuma sharuɗɗan manhajarsa ba za su hana mai amfani warware ta domin gano kuskure a gyaran da ya yi wa laburaren ba.

Lasisin ya yi rangwame a kan ƙananan abubuwan da manhaja ke ɗauka daga fayilolin gabatarwa na laburare. Idan lambobi ne, ko bayanin tsarin bayanai, ko gajerun ayyukan da ba su wuce layi goma ba, ɗaukar su ba ta ɗora wa manhajar wani nauyi.

Siga ta 3 ta ƙara sharaɗi a kan kayan amfanin gida, irin su akwatin talabijin da na'urar rarraba intanet. Idan an sayar da na'ura ɗauke da laburaren, dole ne a bai wa mai saye bayanan da zai iya ɗora gyararren laburaren a kan na'urar da su, matuƙar kamfanin da kansa yana da hanyar yin haka. An kawo wannan ne bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a kan na'urorin kamfanin TiVo, waɗanda ke ɗauke da manhajar GPL amma suke ƙin gudanar da duk sigar da ba ta ɗauke da sa hannun kamfanin.

Duk waɗannan wajibai suna hawa kan mutum ne idan ya rarraba manhaja ga wasu. Wanda ya gyara laburare domin amfanin kansa, ko kamfanin da ke amfani da shi a cikin gida kawai, babu abin da ya wajaba ya saki. Lasisin kuma ya faɗa ƙarara cewa babu garanti, marubutan laburare ba za su ɗauki alhakin asarar da ya jawo ba, gwargwadon yadda doka ta yarda.

Wanda ya karya sharuɗɗan siga ta 2.1 yana rasa izininsa nan take. Siga ta 3 ta sassauta: wanda aka sanar da shi laifinsa a karo na farko kuma ya gyara cikin kwana 30, izininsa ya dawo dindindin.

Kwatanci da sauran lasisoshi

Lasisoshin laburare masu 'yanci sun kasu ne bisa nisan da sharuɗɗansu ke kaiwa cikin manhajar da ta yi amfani da su.

Masu sassauci, irin su MIT da BSD da zlib da Apache 2.0, ba sa neman a buɗe komai. Babban abin da suke nema shi ne a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a jikin kwafin. Kamfani yana iya gyara irin wannan laburare ya rufe gyaran. Lasisin Apache 2.0, wanda ya fito a watan Janairun 2004, ya ƙara da bayar da izini a fili kan haƙƙin ƙirƙira na waɗanda suka ba da gudummawa. Tsohon lasisin BSD yana da sharaɗin ambaton Jami'ar California a Berkeley a cikin tallan manhaja, jami'ar kuma ta janye shi a watan Yulin 1999.

GPL yana ɗaya ƙarshen, domin sharuɗɗansa suna rufe manhajar duka. A tsakiya akwai LGPL, wanda iyakarsa laburare ce, da lasisin Mozilla, wato MPL, wanda sigarsa ta 2.0 ta fito a watan Janairun 2012. Iyakar MPL fayil ce: fayilolin da ke ƙarƙashinsa za su zauna a buɗe, sauran kuma babu ruwansa da su, bai kuma damu da irin haɗin da aka yi ba. Akwai kuma masu amfani da GPL tare da togaciya ta musamman da ke halatta haɗi da kowace irin manhaja. Haka aka yi wa laburarorin Java na OpenJDK da kamfanin Sun Microsystems ya saki a shekarar 2007.

Jituwa tsakanin lasisoshi

Idan manhaja ta tara laburarori masu lasisi daban-daban, dole ne a iya cika sharuɗɗansu duka a lokaci guda, in ba haka ba rarraba ta ya haramta. LGPL ya ba da damar mayar da kwafin laburare ƙarƙashin GPL, shi ya sa haɗa su ba ya da wuya a mafi yawan lokuta. Sai dai akwai tarko: manhajar da ke ƙarƙashin GPL ta 2 kaɗai ba ta jituwa da laburaren LGPL ta 3, saboda ƙarin sharuɗɗan siga ta 3. Wannan na daga cikin abin da ya sa laburaren lissafi na GMP, tun daga sigarsa ta 6 a shekarar 2014, yake fita da lasisi biyu, LGPL ta 3 da GPL ta 2. Haka nan gidauniyar FSF tana ganin Apache 2.0 ya jitu da GPL ta 3 amma bai jitu da ta 2 ba.

Marubuta da yawa suna ƙara jimlar da ke cewa ana iya bin sigar da suka ambata ko duk wadda ta biyo bayanta. Wannan yana sauƙaƙa jituwa daga baya, domin sauya lasisin aikin da mutane da yawa suka rubuta yana buƙatar yardar kowane mai haƙƙi, ko kuma a cire abin da ya rubuta a sake rubuta shi.

Laburarorin da ke amfani da shi

Laburaren C na GNU, wanda aka fi sani da glibc, yana ƙarƙashin LGPL ta 2.1 ko wadda ta biyo baya, kuma shi ne ya bai wa rufaffun manhajoji damar aiki a kan mafi yawan rabe-raben Linux. GTK, wanda teburin GNOME ya ginu a kansa, shi ma LGPL ne. Laburaren Qt, wanda kamfanin Trolltech na ƙasar Norwe ya ƙirƙira, ya sami zaɓin LGPL a siga ta 4.5 a watan Maris 2009, bayan da Nokia ta sayi kamfanin a 2008. Har yanzu ana samun Qt ta hanya biyu: lasisi mai 'yanci, ko lasisin kasuwanci ga wanda ba ya son ɗaukar wajiban LGPL.

FFmpeg, wanda manhajojin bidiyo da sauti da dama ke dogara da shi, LGPL ne a asali, amma yana da sassa na zaɓi da ke ƙarƙashin GPL. Wanda ya kunna su a lokacin gini, kamar haɗa shi da x264, FFmpeg ɗinsa gaba ɗaya ya koma ƙarƙashin GPL. Shirin Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a kan Linux, ya bar lasisi mai sassauci ya koma LGPL a shekarar 2002, bayan damuwar da marubutansa suka nuna cewa ana ɗaukar aikinsu ana gyarawa ba a dawo da gyaran.

Misalin da ya fi shafar jama'a shi ne na KHTML, injin nuna shafukan intanet na shirin KDE. Kamfanin Apple ya gina burauzar Safari a kansa a shekarar 2003, kuma saboda LGPL ya zama dole ya saki gyaran da ya yi wa injin, ko da yake ita Safari a rufe take. Daga wannan aiki WebKit ya fito, daga WebKit kuma Google ya ɓalle da Blink a shekarar 2013, injin da Chrome da Edge da Opera ke amfani da shi.

Shari'o'i

Kotuna sun nuna cewa lasisoshin manhaja mai 'yanci suna da ƙarfi a doka. A shekarar 2004 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta hana kamfanin Sitecom rarraba manhajar netfilter ba tare da bin GPL ba. A shekarar 2008, a shari'ar Jacobsen da Katzer, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa karya sharuɗɗan buɗaɗɗen lasisi yana iya zama keta haƙƙin mallaka.

A watan Disamban 2008 gidauniyar FSF ta kai ƙarar kamfanin Cisco a New York, tana zargin cewa na'urorin Linksys suna ɗauke da manhajojinta na GPL da LGPL, ciki har da glibc, ba tare da cikakkiyar lambar tushe ba. An sasanta a watan Mayun 2009: Cisco ya amince ya naɗa jami'in da zai kula da bin lasisoshin a Linksys, ya samar da lambar tushen, ya kuma bai wa gidauniyar gudummawar kuɗi.

A shekarar 2023 wani mai rubuta manhaja a Jamus, da tallafin ƙungiyar Software Freedom Conservancy, ya kai ƙarar kamfanin AVM a Berlin. Ya sayi na'urar rarraba intanet ta kamfanin, yana so ya gyara laburarorin LGPL ta 2.1 da ke cikinta ya mayar da su, amma lambar tushen da aka ba shi ba ta ƙunshi abin da zai gina su ya ɗora da shi ba. Kamfanin ya miƙa abin da ake nema, kotu kuma ta ɗora masa kuɗin shari'ar. Abin lura a nan shi ne mai ƙarar mai saye ne, ba marubucin laburaren ba.

Suka da muhawara

Gidauniyar da ta rubuta LGPL ba ta ƙarfafa a yi amfani da shi a ko'ina. A wata maƙala da ya wallafa a shekarar 1999, Stallman ya ce zaɓin lasisin laburare batu ne na dabara. Idan aikin da laburare ke yi ana samunsa a wasu wurare, LGPL ya dace, domin GPL zai kori masu amfani ne kawai. Idan kuwa laburaren yana da abin da babu irinsa, GPL ya fi, domin zai zama fifiko ga manhajoji masu 'yanci kaɗai. Ya kawo misali da laburaren Readline, wanda ke ƙarƙashin GPL. An san cewa CLISP, wata manhajar harshen Lisp, ta koma GPL ne a farkon shekarun 1990 saboda tana amfani da Readline. Da irin wannan lissafi ne Stallman ya goyi bayan mayar da laburarorin Ogg Vorbis daga LGPL zuwa lasisi irin na BSD a shekarar 2001, domin tsarin sautin ya yaɗu ya yi gogayya da MP3.

Daga ɗaya ɓangaren, masu suka suna cewa an rubuta LGPL ne da harshen C a zuciya, don haka iyakar da ya shata tsakanin laburare da manhaja ba ta fita sosai a wasu harsuna. A C++ akwai laburarorin da kusan dukkansu ke narkewa cikin manhaja a lokacin gini, harsunan Go da Rust kuma sun saba da haɗin dindindin. Ƙananan na'urori da shagunan manhajar waya, inda mai amfani ba shi da hanya mai sauƙi ta sauya fayil, su ma suna wahalar da cika sharaɗin sauya laburare. Google ya rubuta wa Android laburaren C nasa mai suna Bionic a kan lambar BSD maimakon ɗaukar glibc, laburaren musl kuma ya bar LGPL ya koma MIT a shekarar 2012.

Masu goyon bayan LGPL suna mayar da martani da cewa sharaɗin da kamfanoni ke kuka da shi shi ne amfanin lasisin ga mai saye. Idan aka gano ɓaraka ta tsaro a laburare bayan kamfani ya daina sabunta na'urarsa, lambar tushe da ikon sauya laburaren su ne ke bai wa mai na'urar, ko wani masanin da ya ɗauka, damar toshe ɓarakar ba tare da jiran kamfanin ba.